Gwanin da ke Daidaita Babur da Mahayinsa

Kamfanin da ya ƙera babur bai san wanda zai hau shi ba. Injiniyoyin Bajaj da ke birnin Pune na Indiya, ko na Jincheng da Haojue a ƙasar Sin, idan sun zo zaɓen sifirin da za su sa wa ƙafar baya, wani mutum suke ƙiyastawa a ransu, matsakaicin jiki mai bin matsakaiciyar hanya, sai su gina lissafinsu a kansa. Daga nan a cusa babur a kwali, ya ƙetaro teku, a harhaɗa shi, ya iso Kano, ya biyo hanyar Kazaure ya sauka Daura. A nan yake gamuwa da ainihin mai shi. Wataƙila malamin firamare ne siriri da bai wuce kilo 55 ba, wanda kullum yake fita daga Daura zuwa wata makaranta a ƙauyukan Sandamu. Wataƙila mahauci ne mai jiki da ke ɗauko awaki daga kasuwar Mai'adua ranar Lahadi. Ko kuwa manomin Baure ne da zai ɗaure buhun gero a baya, shi kuma ya matsa gaba ya ɗosana a kan tanki. Sifirin ɗin duk iri ɗaya ne, aikin da ke jiransa kuwa ya sha bamban. Akwai wani giɓi tsakanin mutumin da kamfani ya ƙiyasta da mutumin da ya ƙirga kuɗinsa ya biya, kuma cike wannan giɓi sana'a ce mai zaman kanta. Masu iya ta a cikin kanikawanmu ba su da yawa, amma akwai su, kuma sun cancanci a san abin da suke yi.

Ana gane gwanin tun kafin ya ɗauki sifana. Mai babur zai zo da ƙorafinsa irin na kullum: "Oga, mashin ɗin nan dukana yake yi," ko "bayansa ya zauna," ko "da na shiga yashi sai kansa ya kama rawa." Wanda ya koyi kwancewa da ɗaurewa kaɗai, amsarsa a shirye take: shakazoba ta mutu, a kawo kuɗin sabuwa. Shi kuwa gwani tambaya yake farawa da ita. Kai kaɗai kake hawa ko har da yara? Me kake ɗauka, kuma sau nawa a mako? Kwalta kake bi ko burji? Yaushe rabonka da auna iskar taya? In ya gama ji sai ya ce, "To, Malam, hau mu gani." Ya koma gefe ya tsuguna, idonsa a kan tazarar da ke tsakanin taya da marfin da ke samanta. Nitsewar da bayan babur ya yi a daidai lokacin da mutum ya saki nauyinsa ta gaya masa fiye da rabin abin da yake son sani.

Abin da muke kira shakazoba abu biyu ne a haɗe, kowanne da aikinsa. Na waje shi ne sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen da kowa ke gani, kuma shi ke ɗauke da nauyi. Na ciki kuwa bututu ne cike da mai, da wani fistin mai ƙananan huji da ke kai da komo a cikinsa. In taya ta hau dutse, sifirin ya tankwashe ya haɗiye dukan. Amma sifirin ba ya riƙe abin da ya haɗiya, zai mayar da shi da ƙarfi, kuma in babu abin da ya tsawata masa haka zai yi ta tsalle har sai ya gaji don kansa. Man da ke ciki shi ne mai tsawatarwar. Dole sai ya matsu ya bi ta waɗannan ƙananan huji kafin fistin ya motsa, wannan matsuwar ce ke rage gaggawar sifirin, ƙarfin dukan kuma ya rikiɗe ya zama zafi. Wanda ya taɓa shakazoba bayan doguwar tafiya a hanyar burji ya ji ɗuminta, to wannan ɗumin dukan da ya kamata ya sauka a ƙugunsa ne. Gwajin farko da gwani ke yi ke nan: ya danna bayan babur da dukkan ƙarfinsa ya saki. In ya taso sau ɗaya ya tsaya cak, man na aiki. In ya taso ya koma ya sake tasowa, to sifirin ne kawai ya rage, kuma babu wani daidaitawa da zai yi magani sai canji. Canjin ma biyun ake yi tare, don sabuwa a dama da tsohuwa a hagu karkata babur suke yi a kwana.

In man na da lafiya sai a zo kan awo, kuma nan ne hannun gwani ke bayyana. Ba ya buƙatar wata na'ura. Tef ɗin tela ya isa, in babu shi ma igiya da alli sun wadatar. Zai kafe babur a kan matsayinsa na tsakiya, wanda ke ɗaga ƙafar baya ta bar ƙasa, yadda sifirin zai miƙe iya miƙewarsa. Sai ya ɗiga alli a jikin kariya daidai saman notin da ke tsakiyar ƙafar baya, ya auna daga tsakiyar notin zuwa alamar. A ce ya samu santimita 40. Sai ya sauke babur ya tsaya da ƙafafunsa babu kowa a kai, yaron gareji na riƙe da kansa don kada ya faɗi, ya ɗan danna ya saki, ya sake aunawa. Ya kamata babur ya nitse kaɗan da nauyin kansa, abin da bai kai santimita ɗaya ba. Sannan awo na uku, wanda shi ne ginshiƙi: mai babur ya hau, ya zauna yadda ya saba zama, ƙafafunsa biyu a kan mataki, yaro na tallafe da shi. A nan za ka ji gwani na cewa, "Alhaji, saki jikinka, kada ka taimaka masa, zauna kamar kana kan hanyar Zango." Domin mutum in ya san ana kallonsa yakan miƙe ya ɗauke wa babur rabin nauyinsa, awo ya ɓaci. In aka samu santimita 37, to nitsewar ta zama santimita 3.

Me ya sa 3? Ƙananan baburan da suka cika ƙasar nan, irin su Boxer da 'yan uwansa, iyakar tazarar da ƙafar baya ke iya hawa da sauka ba ta wuce kimanin santimita 10 ba, ta gaba kuma ta ɗara haka kaɗan. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka tsaya a kai a duniya ita ce, nauyin mahayi ya cinye tsakanin kashi ɗaya bisa huɗu zuwa ɗaya bisa uku na wannan tazara. A babur mai santimita 10, wannan ya kama daga biyu da rabi zuwa uku da ɗan ɗori, kusan faɗin yatsu biyu. Ragowar kashi biyu bisa ukun an bar wa dutse da tudu da bakin kwalbati. Shi kuwa kashin da aka riga aka nitse, mutane da yawa na ɗauka hasara ce, alhali kuwa shi ne ajiyar da aka yi wa rami. In taya ta zo kan rami dole ta samu damar miƙewa ƙasa ta bi shi, ta ci gaba da dafa ƙasa. Babur ɗin da ba ya nitsewa ko kaɗan in an hau shi ba shi da abin da zai miƙa, don haka duk ramin da ya tarar sai dai gaba ɗayansa ya faɗa ciki. Tayar da ke sama kuwa, ko da na ƙiftawar ido ne, ba ta birki, ba ta juya kwana, ba ta tura babur gaba. Duk wannan aiki, in aka bi shi zuwa tushensa, ƙoƙari ne na hana taya rabuwa da ƙasa. Daɗin zama riba ce da ke biyo baya.

Abin da ake juyawa don a samu wannan awo wani zobe ne da ke gindin sifirin, mai matakai, galibi biyar. Akwai shakazoba mai araha da ba ta da shi sam, amma yawancin masu zuwa da babur daga kamfani suna da shi, kuma da yawa daga masu babura har su sayar da abinsu ba su taɓa sanin yana juyawa ba. Kowane mataki da aka hau yana ƙara matse sifirin tun kafin a ɗora masa komai. Akwai sifana mai ƙugiya da aka yi musamman dominsa. Gwani yakan wanke wurin da kananzir ya fitar da yashin da ya cushe, ya ɗiga ɗan mai, ya ɗaga ƙafar baya don nauyi ya sauka daga kan sifirin, sannan ya juya a hankali har ya ji zoben ya faɗa mazauninsa. Ya zagaya ɗaya gefen ya ƙirga matakan da yatsa ya tabbatar sun zo daidai. Raina yakan ɓaci in na ga ana dukan wannan zobe da guduma da sukundireba, ana fasa haƙoransa, bayan sifanar ba wani kuɗi gare ta ba kuma maƙeri ma na iya ƙera ta.

A nan akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare. Ana cewa hawa mataki yana ƙara wa sifirin tauri. Ba ya ƙarawa. Tun a 1678 Robert Hooke na Ingila ya wallafa ƙa'idar da ta nuna cewa tankwashewar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka ɗora masa, taurin kuwa yana cikin kaurin ƙarfen da yawan murɗinsa, abin da zobe ba zai taɓa canjawa ba. A ce, misali, kowane kilo 30 da aka ƙara yana danne bayan babur santimita ɗaya. Ko zoben na mataki na farko ko na biyar, buhun gero mai kilo 100 da aka ɗora a saman ƙafar baya zai ƙara nitsar da shi sama da santimita uku. Abin da zobe ke canjawa shi ne inda nitsewar za ta faro, wato tsayin da babur zai tsaya. Wanda ya gane wannan ya gane iyakar abin da juyawa za ta iya yi, kuma a nan ne awo na biyu, wanda aka yi babu kowa a kai, yake amfani. In sai da aka kai mataki na ƙarshe kafin a samu yatsu biyun, sannan aka ga babur shi kaɗai ba ya nitsewa ko ɗis, to sifirin ya yi wa wannan mutum laushi, sai a nemo mai kauri. In kuma ana mataki na farko amma mahayi ya hau babur bai ko gezau ba, sifirin ya yi masa tauri. Bajaj ya yi ƙoƙarin haɗa biyun a wuri guda da tsarin da yake kira SNS, ƙaramin sifirin a cikin babba, don ɗaya ya tallafa wa ɗaya in nauyi ya ƙaru. Dabara ce mai kyau, amma ita ma ba ta san nauyin mahaucin Mai'adua ba sai an auna.

Malamin makarantar nan siriri, matsalarsa ta fi yawa a ƙasar nan fiye da yadda ake zato. Sau da yawa tun wurin harhaɗawa ake kai zoben ƙarshe, saboda an ɗauka tauri shi ne ƙarfi kuma kowane babur dako zai yi. Sai mai kilo 55 ya hau, babur bai san an hau shi ba. A kwaltar Daura zuwa Katsina ba zai ji komai ba. Da ya sauka burji, inda ƙafafun motoci suka bar wannan gargada mai jere-jere, bayan babur zai kama tsalle, haƙoransa na haɗuwa, in ya taka birkin baya taya ta ja ƙasa ta zame gefe. Da yamma ya koma gida da ciwon ƙugu ya ɗora laifin a kan shekaru. Saukar da zobe mataki uku, aikin da bai kai minti biyar ba, na iya sa ya ɗauka wani babur aka canja masa.

Matsalar mai dako ta fi haɗari. In baya ya nitse fiye da kima gaba yakan ɗaga, nauyi ya bar ƙafar gaba, kan babur ya yi sakwa-sakwa a hannu ya riƙa yawo in an yi gudu. Fitila ta daina haska hanya ta koma haska idon mai tahowa, abin da duk mai bin hanyar Kongolam da dare ya sha gani. Tazarar da ta rage wa sifirin ba ta da yawa, don haka kowane rami sai ƙarfe ya daki ƙarfe, kuma dukan da sifirin ya kasa haɗiyewa rim ne zai sha shi, da wayoyin ƙafa, da kariya, da ƙashin bayan mahayi. Gwani kan duba cikin marfin ƙafar baya: in ya ga taya ta goge shi ya yi ƙyalli, ba ya buƙatar a gaya masa irin lodin da ake yi. Kuma ba yawan kaya kaɗai yake dubawa ba, har da inda aka ɗaure su. Jarka huɗu ta ruwa masu lita 25 kilo 100 ke nan. In an rataye su daidai saman ƙafar baya, ko ɗan gaba da ita, babur zai ɗauka. In aka tura su can ƙarshen kariya, bayan tsakiyar ƙafa, sai su danne baya fiye da nauyinsu su kuma ɗage gaba. Shawarar matso da kaya gaba da taƙi ɗaya takan yi abin da mataki biyu na zobe ba su yi ba. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana ɗaukar mutum uku a kan babur a jihar Katsina, cikin matakan tsaron da ta ɗauka a lokacin. Dalilin na tsaro ne, amma ko ta fuskar injin kawai aka duba, manya uku sun wuce abin da aka ƙera sifirin ƙaramin babur ya ɗauka.

Wasu masu dakon sukan kai babur wurin mai walda a ƙara masa shakazoba biyu su zama huɗu. Ban ga laifin tunanin ba, domin ƙarin sifirin shi ne amsar ƙarin nauyi. Sai dai gwani na gaskiya zai gaya wa mai babur abu biyu kafin a kunna wuta. Na farko, ranar da ya sauke kaya ya hau shi kaɗai babur zai yi masa tauri ƙwarai. Na biyu, an ƙara wa sifirin ƙarfi amma birki na nan yadda yake, haka taya, haka firam. Wanda ya ji wannan ya amince, to ya san abin da ya saya.

Ba yau masu ƙera babura suka fara karo da irin lodinmu ba. A 1974 Honda ya tura injiniyoyinsa ƙasashen kudu maso gabashin Asiya su ga yadda ake amfani da baburansa, suka tarar iyali guda na hawa babur ɗaya, ana loda masa kaya, ba a kuma canja baƙin mai a kan lokaci. Abin da suka gani ne ya haifi CG125 a 1975, wanda da yawa daga baburan Sin da suka cika kasuwanninmu daga baya a kan tsarinsa aka kwaikwayo su. Manyan baburan tsere wata duniya ce daban. Waɗanda suka riƙa keta Tenere suna yada zango a Agadas a gasar Paris zuwa Dakar, wadda aka fara a ƙarshen 1978, sun kai ga samun tazarar da ta kusa santimita 30, da maɓallan da ake murɗawa a daidaita gudun mai wajen nitsewa daban, wajen tasowa daban. Kamfanoni irin su Öhlins na Suwidin, wanda aka kafa a 1976, wannan ne kaɗai abincinsu. Bakaniken Daura ba shi da ko ɗaya daga waɗannan. Santimita goma gare shi da zobe mai matakai biyar, kuma a ganina wannan ƙarancin ne ya sa aikinsa ya fi buƙatar ido, don wanda ke da talatin in ya ɓata ɗaya ba zai ji ba.

Ƙafar gaba ba ta da zobe, amma ba a rasa abin yi a kanta. Bututu biyun nan masu shiga cikin juna, waɗanda BMW ya fara sa wa baburan kasuwa da mai a cikinsu a 1935, kowanne na ɗauke da sifirin da mai, da kuma iskar da ta rage a sama. Abu uku gwani ke wasa da su. Kaurin mai shi ke yanke saurin motsi: in ya yi ruwa-ruwa, da an taka birki gaba zai dunƙule ƙasa; in ya yi kauri da yawa, a kan gargada bututun ba zai gama miƙewa ba kafin duka na gaba ya zo, sai ya yi ta gajarcewa har ya ƙage. Yawan mai kuma shi ke yanke yawan iskar da ke sama, wadda ita ma in an matse ta takan yi turjiya a ƙarshen nitsewa, don haka ƙarin ɗan mai na hana ƙarfe dukan ƙarfe. Na uku, in mahayi mai nauyi ne, akan yanka ɗan guntun bututu ko a jera washa a saman sifirin don a ɗaga gaban. Duk abin da aka yi wa dama sai an yi wa hagu daidai wa daida, shi ya sa za ka ga mai kula na auna mai da sirinji ko kwalba mai alama maimakon ya tuttula da ido. Wanda ke zuba ƙonannen baƙin mai da aka juye daga inji kuwa cutar mutane yake yi, don gurɓataccen mai cike yake da garin ƙarfe. Yanayinmu ma ba ya raga wa wannan wuri. Zafin Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, yana tsinka mai. Ƙurar hunturu kuma tana manne wa bututu ta shige ƙarƙashin robar da ke riƙe mai ta cinye ta. Da ka ga baƙin zobe na maiƙo a jikin bututu, yoyo ya fara, kuma man da ya gangara ya shiga birkin gaba ya kashe shi. Robar nan mai lanƙwasa da ake sa wa bututu, wadda samari ke cirewa don ado, ita ce mai gadin wurin.

Duk wannan a banza ne in iskar taya ba daidai take ba, domin taya ce ke fara karɓar duka kafin ya kai ga sifirin. Littattafan da ke zuwa da irin waɗannan babura sukan ba da awo kusan 25 a gaba, 28 a baya in mutum shi kaɗai ne, 32 in da goyo, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Masu faci da yawa da yatsa suke aunawa, su cika har taya ta yi tauri kamar za ta fashe, don mai babur ya ga an yi masa aiki. Da yawa daga masu kukan shakazoba iska ce ta yi musu yawa. A yashin ƙauyukan Zango da Baure, wajen Yardaje ko Babban Mutum, rage iska kaɗan na sa taya ta baje ta hau kan rairayi maimakon ta nitse, amma in aka rage da yawa bakin rim zai tsinke tub a dutsen farko. Yashi ma yana da nasa hukuncin a kan zobe: in an ɗaga baya ya wuce kima nauyi zai koma gaba, ƙafar gaba ta riƙa soka kai cikin rairayi. Mai bin yashi kullum da mai bin kwalta kullum, ko nauyinsu ɗaya, gwani ba lalle ya ba su mataki ɗaya ba.

Kafin ya sallami babur zai kama ƙafar baya ya girgiza ta hagu da dama, don in robobin da ke riƙe da hannun ƙafar sun cinye babur zai yi ta lilo ko da sabuwar shakazoba. Zai duba wuyan babur ko yana ƙwanƙwasa. Zai ƙyasta wayoyin ƙafa da sifana yana sauraren wadda muryarta ta mutu. Sannan ya sa mai babur ya sake hawa ya duba sarƙa, domin tsayin baya in ya canja sakin sarƙa ma ya canja. Ana son ta yi wasan santimita biyu zuwa uku, in ta ɗaure tamau ita ce za ta hana sifirin aiki kuma ta ci haƙoran da take bi.

Bai kamata wannan ilimi ya zama baƙo a Daura, garin da ake Hawan Magajiya da Sallar Gani ba. Babu barden da zai hau doki bai sa an daidaita masa likkafa da tsawon ƙafarsa ba, ko bai duba majayi ya ji ɗaurinsa ba, kuma babu mai cewa wannan tsirfa ce. Jikokin waɗannan mahaya ne yau suke yini a kan babur, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mota ta fi ƙarfin mutane da yawa. Ɗan acaɓa na iya yin awa goma a kan sirdi, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa doguwar jijjiga na da hannu a ciwon baya. Ba shi kaɗai ba ne ma. A kan wannan babur ake ɗauko mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibiti a Daura, a kansa ake kawo tsohon da ba shi da lafiya, a kansa kwandon tumatir ɗin masu noman rani na Sabke da Daberam ke isa kasuwa, ko dai lafiya lau ko kuwa rabinsa ya dame. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai babur sau da yawa ya san ciwon bai san daga ina yake zuwa ba, sai ya samu wanda zai tsuguna ya duba.

Mataki na ƙarshe gwaji ne, kuma mai babur ne zai yi shi, don in bakanike ya hau nauyinsa zai auna ba na mai shi ba. Zai ce masa ya bi hanyar da ya sani, wadda ke da ramin da ya saba dukansa, ya dawo ya faɗi abin da ya ji. In da sauran gyara, abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, don a san wanne ne ya yi aiki. Waɗanda suka fi burge ni su ne masu koya wa mai babur ya yi da kansa. Za ka ga ya ɗiga fenti a mataki na biyu ya ce, "Wannan na ranakun aiki ne, kai kaɗai." Ya ɗiga wani a na huɗu: "Wannan na ranar kasuwa ne, ko in za ka kai Hajiya unguwa. In ka sauke kaya ka mayar da shi, kuma kada ka juya ɗaya ka bar ɗaya." Sai ya nuna masa yadda ake kama zoben da ƙugiya, ya sa shi ya juya sau ɗaya a gabansa, dama da hagu, kafin ya karɓi kuɗin aikinsa.